Neman Geron Gwaggo

Tun da muka dawo ban sami sakewa ba. Ko ina na zauna a Kaura, a rumfar 'yan goro ta bakin tasha ko a ƙofar masallaci bayan La'asar, sai wani ya matso ya ce, "Alhaji Mamman, wai da gaske kai da Labbo kun shiga Nijar a kan keke?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kullum ƙara girma yake yi a bakin mutane. Shekaranjiya na ji wani direba yana rantsuwa cewa Agadas muka kai. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya huta.

Tafiya ba baƙuwata ba ce. Na yi fataucin goro a Kumasi shekara goma sha ɗaya, na zauna a Cadi, na ratsa Sudan zuwa Makka. A hanya na tsinci Larabci da Fillanci da yaren Asante da ɗan Faransanci na ciniki. Amma Tungar Dutsi, ƙauyen da aka haifi mahaifina a cikin duwatsun bayan Zurmi, ban taɓa taka ta ba.

Labbo taubashina ne, ɗan Gwaggo Hajo ƙanwar mahaifina. Manomi ne a Ɗan Isa, kuma iyakar duniyarsa Gusau. Lokacin da aka kawo Gwaggo aure daga Tungar Dutsi ta zo da wani irin gero mai gajeren kai, mai gashi kamar gemun bunsuru. Tsuntsu ba ya iya sauka a kansa, kuma yana nuna da wuri ko da ruwa ya ɗauke. Bayan rasuwarta aka kawo sabon iri mai manyan kai, Labbo ya shuka shi gona duka. Shekara biyu ya cika rumbu, ya cinye na Gwaggo har ƙwaya ta ƙarshe. Sai tsuntsayen jan-baki suka sauko shekara biyu a jere, suka bar masa kara. Ya nemi tsohon irin a kasuwar Kaura da ta Shinkafi, babu. 'Ya'yansa manya biyu suka ce in bana ma haka ta faru, za su bar gona su tafi Legas.

Ya same ni da maganar a wajen ƙarshen bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas.

"Mota ba ta zuwa can," in ji shi. "Kai da kake cika baki ka ga duniya, tashi ka raka ni."

"Da wace ƙafar? Kai in ka hau keke, keken ne ke neman tsari."

"To zauna, bawana. Dama yawonka duk na cikin mota ne, kamar buhu."

Wannan maganar ce ta tashe ni.

Muka fita bayan sallar Asuba ranar Asabar. Kekena baƙi ne, tsoho amma lafiyayye. Na Labbo kuwa ƙararrawarsa ce kawai ba ta ƙara. Muka ɗaure buta da tabarma da famfo da kayan faci, da jakar guzuri mai ƙuli-ƙuli da dabino da sukari, da citta da kanumfari na zubawa a shayi. Ba mu daɗe a kan babbar hanya ba muka sauka muka bi turbar jakai, wadda ke ratsa gonaki. Daga nan har muka dawo, motar da muka gani ba ta fi biyar ba. Ƙarar sarƙar keke kawai kake ji, da kukan kurciya, da mitar Labbo.

Keke yana da wata fa'ida da na manta da ita. Mota wuce mutane take yi, keke kuwa dole ka gaisa. Duk inda dattawa ke zaune sai ka sauka ka tura, ka yi sallama, a tambaye ka gida da gajiya. Na ƙirga saukarmu kafin Zurmi, na bari a ashirin da uku. A Zurmi muka kwana gidan wani tsohon abokin fataucina, aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Da ya ji inda za mu, ya dube mu ya dubi kekunan, ya ce Allah ya sa mu dawo da haƙoranmu.

Washegari ƙasa ta fara tashi. Duwatsun can ba su kai na Hijaz tsawo ba, kuma ba su da duhun daji irin na ƙasar Asante. Manyan duwatsu ne a kwance kamar fayafayai, da ƙirya da tsamiya a tsakaninsu, turba tana lauje tana hawa. Rabin wuni turawa muka yi. Da muka kai saman wata gangara na ce wa Labbo ya gwada birkinsa.

"Birkina na ƙafata," in ji shi. Ya ɗaga takalminsa na taya ya nuna mini. Ashe shekara da shekaru da dunduniya yake tsayar da keke, yana danna ta a kan tayar gaba. A Ɗan Isa, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, wannan dabara ce. A kan dutse kuwa ganganci ne. Ya wuce ni kamar an harba kibiya, babbar riga ta cika da iska, yana salati da ƙarfi. Takalmin ya fita, ya bi da ɗayan, shi ma ya fita. Allah ya taimake shi akwai yashin rafi a ƙasa. Na same shi zaune a ciki har ƙugu, keken na gefe tayarsa na juyawa.

"Ka iso?" ya ce. "Tun ɗazu nake jiranka."

Wani Bafillace da ke kiwo a bakin rafin ne ya tsinto masa takalmi guda. Na gaishe shi da Fillanci, ya yi murna, ya kai mu rugarsu aka ba mu kindirmo a sabuwar ƙwarya. Shi ne ya faɗa mana abin da ba mu so ji ba. Tungar Dutsi ta tashi. Rijiyarsu ta ƙafe shekarun baya, mutanen suka watse, mafi yawansu suka yi arewa suka tsallaka iyaka zuwa wani wuri da ake kira Garin Magaji.

Duk da haka muka hau muka gani. Kufai ne: gindin rumbuna, duwatsun murhu, da wata kuka babba. Na tsaya ina neman abin da zan ji a raina game da mahaifina, ban ji komai ba sai ƙishirwa. Labbo kuwa ya zaga tsofaffin gonakin yana duba ƙasa, ko wani geron ya tsiro da kansa. Bai sami komai ba. Ya dubi gabas, ya dubi arewa.

"Kwana nawa ne?"

"Bafillacen ya ce biyu."

"Mu tahi."

Kwana biyun nan ƙaya ce ta ci mu. Tayata ta yi faci sau huɗu, ta Labbo sau bakwai. Mukan fita da sanyin safiya, in rana ta take mu kwanta a gindin tsamiya har inuwa ta karkata. Wata mata mai tallan dawo ta ga muna ɗebo ruwa a buta muna tsoma roba don neman huda, ta ce ita a ganinta jaki ya fi, don shi ba a hura masa iska.

Iyaka ba ta da wata alama sai bishiyar aduwa da benci da jandarma biyu a zaune, ɗaya yana dafa shayi. Na tsallaka iyakoki da yawa. Na Ghana kaya suke bincika, na Sudan takardar allura suke nema. Waɗannan kuwa kekunan suka sa wa ido, don mutane kan shigo da keke daga wajenmu su sayar su koma a ƙasa. Babban ya fara yi mana Faransanci, na amsa masa da nawa na kasuwar Cadi. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya koma Hausa, wadda ta fi tawa kyau.

"Baba, mi kunka zo yi?"

Na ce neman irin gero.

"Daga Kaura? Inda jirgin ƙasa ke kawo komi?" Ya juya wurin abokinsa. "Ka ji, Najeriya ta zo roƙon hatsi wurinmu."

Ya kifa kekunan ya rubuta lambar jikinsu a littafi, ya ce in mun fita ta wata hanya mu nuna takardar da ya ba mu. Da ya ɗaga na Labbo sai feda ta faɗi. Ya ce wannan ko mun sayar ba laifi. Suka ba mu shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, har zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe kamar zuma. Labbo ya shanye nasa a kurɓi ɗaya ya ce su waɗannan da wasa suke shan abu.

Garin Magaji gida ne kamar talatin a gindin wani tsauni ja. A Kumasi in ka sauka, ruwa kawai za ka sha a tambaye ka abin da ya kawo ka, a gaban kowa. A nan kuwa aka ba mu ɗaki, aka kawo fura, aka yi hira a kan tsadar shanu da zafin bana, babu wanda ya tambaye mu komai. Fura da safe, fura da rana, tuwo sai da yamma. Labbo yana ta motsi kamar mai ƙaiƙayi a riga. Sai a rana ta biyu mai garin ya ce, "To, baƙi, lahiya dai?"

Da ya ji, ya ce wannan ba maganar maza ba ce. A wurinsu iri a hannun tsofaffin mata yake, ba a sayar da shi, kuma ba a ba wanda ba a san asalinsa ba. Aka kai mu wurin wata tsohuwa, Iya Tamu, wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Ta sa Labbo ya jero iyayensa. Da ya ambaci Hajo ta ɗaga hannu.

"Hajo mai wushirya? Wadda anka kai Ɗan Isa a kan jakin maƙeri?"

"Ita, Iya."

"Tare munka yi ɗibar ruwa. Ni na ƙulla mata irin a zanenta da hannuna. Ina yake?"

Labbo ya sunkuyar da kai. Mutum mai jikoki, amma ya koma kamar yaron da ya fasa tulu.

"Na cinye, Iya."

"Yunwa?"

"A'a. Ƙoshi."

Sannan ta sa aka sauko da wani ɗan dami daga rufin ɗakinta, ta bi kawunan da yatsa tana shafa gashinsu, ta zaɓo goma sha biyu. Abin da ya rage bai fi haka ba, su ma bara ba ta yi musu kyau ba. Ta ce kada ya sussuke sai ranar shuka, kuma kada ya yi ta nuna wa mutane a hanya, don baki yana kama iri.

Labbo ya naɗe su a tsumma ya cusa cikin rigarsa ta ciki, a kan ƙirji. Gashin yana sukarsa, ya jure.

Aka ba mu shawara mu koma ta yamma, mu ɓullo Jangeru mu bi Shinkafi, don hanyar ta fi sauƙi. Haka ne kuwa. Duwatsun suka yi ta raguwa a bayanmu, turba ta miƙe a cikin fako, muka yi wuni guda ba faci. Da yamma aka yi walƙiya a gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa daga nesa. Labbo ya ƙara taka feda. Ban taɓa ganin yana sauri ba sai ran nan.

Ranar Lahadi da hantsi, bayan mun nuna takardarmu mun shigo ƙasarmu, zafi ya tsananta har muka kasa. Muka tsaya a wata 'yar tunga kafin Jangeru, wani manomi mai suna Malam Ɗahe ya sauke mu a zaurensa. Kowa ya san yadda ƙarshen bazara yake a ƙauye, rumbu ya yi ƙasa. Matafiyin da ya san ya kamata ba ya zama a ciyar da shi, yakan miƙa abin da ya zo da shi a sarrafa a cikin gida. Labbo ya tafi rijiya ya watsa ruwa. Ni kuwa na kwance jakar guzuri daga keke, ban buɗe ba, na miƙa wa Malam Ɗahe.

"A ba mai ɗakinka, ta ga abin da za ta yi mana da shi."

Muka yi Azahar, muka kwanta. Bayan La'asar aka fito da ƙwarya a rufe da faifai. Fura ce sabuwa, an dama da nono, ƙamshin citta da kanumfari na tashi. Labbo ya ɗauki ludayi ya kurɓa, ya lumshe ido. Ya ƙara.

"Alhaji, sha ka ji. Rabona da hura irin wagga tun Inna na da rai."

Ya kai ludayi na uku bakinsa, sai hannun ya tsaya. Ya dube ni.

"Ina jakar guzuri?"

"Tana cikin gida."

Ya ajiye ludayin a hankali. Ashe da safe ya ga gumi ya jiƙa tsumman, ya ji tsoron kada irin ya lalace, ya mayar da shi cikin jakar. Bai faɗa mini ba, saboda an ce kada ya yi ta faɗa.

Na yi zaton zai yi faɗa. Da ya yi, da na fi jin daɗi. Ya zauna kawai yana kallon ƙwaryar. Malam Ɗahe ya ga fuskokinmu ya tambaya, na gaya masa. Ya yi salati ya shiga gida. Jim kaɗan sai ga matarsa, Asabe, ta tsaya daga bayan ƙofar zaure.

"Wallahi, Baba, da na buɗe na ce wanga gero ya yi kama da iri. To na gan shi tare da citta da kanumfari da sukari. Kuma baƙo ba a mayar mishi da tambaya."

"Ba laihinki ba ne, ɗiyata," in ji Labbo. "Tsohon banza biyu ne sunka haɗu."

Sai ta ce, "Ban zubar da ƙaiƙayin ba. Yana bayan danga inda na sheƙe. Gashin ya hana shi sussukuwa da kyau, har ina ta mita."

Labbo ya miƙe, amma ya tsaya. "Ya zan bambanta shi da naku?"

"Geronmu ya ƙare tun watan jiya, dawa muke ci. Duk ƙwayar gero da ka gani a wurin, taka ce."

Muka zaga bayan danga, muka tarar da kaji uku sun riga mu. Malam Ɗahe ya bi su da hula. Asabe ta kawo faifai da rariya, ta kira maƙwabtanta mata biyu. Suka tattara ƙaiƙayin suna murzawa a tafin hannu suna hurawa, ni da Labbo muka durƙusa a inda turmi ya zauna muna tankaɗe yashi. Na tsinci abubuwa a duniya, amma ban taɓa tsintar gero da ƙwaya ɗaya ɗaya ba. Ɗaya daga cikin matan ta ce da mazansu na durƙusa wa aiki haka, da an daɗe da yin arziki. Kafin rana ta faɗi mun tara abin da ya cika kofin shayi irin na jandarma, ya ɗan yi tozo.

Labbo ya zuba a tafin hannunsa yana kallo. Sannan ya ce a ba shi tsumma biyu. Ya raba daidai, ya ƙulla, ya miƙa wa Asabe ɗaya.

"Kai, Labbo," na ce, "wannan ɗin ma bai kai ya cika bayan ɗakinka ba."

"Na sani. Bana ba ci za a yi ba, iri za a tara." Ya juya wurinta. "Ki shuka inda akuya ba ta kai. In ya yi, ki ba wata. A hannuna ni kaɗai yake, shi ya sa ya ɓata."

Ta karɓa da hannu biyu. Muka koma zaure, furar na nan inda muka bar ta. Labbo ya ce zubar da ita haramun ne, muka shanye tas.

Muka kwana a Shinkafi washegari, muka iso gida ranar Talata. Ruwan shuka ya sauka daren Juma'a. Labbo ya tara 'ya'yansa ya nuna musu ƙullin. Babban ya ce wannan ne abin da aka yi kwana goma sha ɗaya ana nema? Ƙaramin kuwa ya ɗauki sungumi ya bi uban. Babban dai ya tafi Legas bayan sati biyu. Ƙaramin ya ce zai tsaya ya ga kaka.

Na je Ɗan Isa makon jiya. Rami tamanin da shida suka shuka a bayan ɗakin Gwaggo, saba'in da ɗaya sun tsiro, sun kai gwiwa. An kewaye su da ƙaya, Labbo na zaune a gefe da sanda. Na matsa zan duba da kyau, ya tare ni da sandar.

"Tsaya daga nan, Alhaji. Kai ka riga ka sha rabonka."